Igwa a gidan amarya: muhawara kan Der Rosenkavalier

Baban Amira: Jama'a, abin nan ya tsaya mini a rai. Labarin Der Rosenkavalier, opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa) ta Richard Strauss, a birnin Biyana ya faru, shekarun 1740, zamanin sarauniya Maria Theresa. Sai darakta Robert Carsen ya shirya shi a gidan opera na Metropolitan da ke New York a 2017, ya ja shi zuwa 1911, ya mai da Faninal, mahaifin amarya, dillalin makamai, ya girke igwa a falon da za a kawo wa 'yarsa furen azurfa na neman aure, ya kuma rufe da sojoji. Wasan barkwanci ne fa, ina ruwansa da yaƙi?

Maman Khalid: Yaya, barkwanci ka ce? A ƙarshen kashi na 1 Marschallin, matar babban hafsan soja, tana faɗin yadda take tashi cikin dare ta tsayar da agogunan gidan saboda fargabar shekaru. Wa ke dariya a nan?

Malam Na-Gwale: Hajiya, barkwanci ne mana. Mace ke fitowa a matsayin Octavian, saurayin Marschallin ɗan shekara 17, shi kuma ya yi shigar kuyanga, Baron Ochs, mai neman auren 'yar Faninal, ya bi ta yana rawar kai. Sunan Ochs ma aka fara niyyar sa wa wasan.

Maman Khalid: Amma ba a sa ba.

Ɗan Autan Zaure: Ochs ɗin ne ake ɓatawa. Strauss ya ce mutum ne wajen shekara 35, mai ɗan kyan gani. Ana mai da shi tsoho mai tumbi, a datse doguwar waƙarsa ta kashi na 1, sai a rasa abin tsoro a tare da shi. A Salzburg a 2014 mawaƙi Günther Groissböck ya rera ta ba datsi.

Malam Na-Gwale: Datsin da dalili, ƙanina. Da hutu biyu wasan ya haura awa 4. In mawaƙi ya ƙarar da numfashi tun farko, sautin E na ƙasa, muryar nan mai kauri da ke rufe kashi na 2, ba za ta fito ba.

Ɗan Autan Zaure: Wannan matsalar mawaƙi ce, Malam. Ku masoya tsohon shirin darakta Otto Schenk komai sai ku kare.

Malam Na-Gwale: Kar ka sako Schenk a nan. Tun 1972 gidan opera na Munich ya riƙe shirinsa har 2021.

Baban Amira: To maganar igwa fa?

Mai kula da zaure: A taƙaice, an gamsu cewa wasan ya fi ƙarfin barkwanci, kamar yadda Maman Khalid ta nuna, kuma datse waƙar Ochs kuskure ne. Malam bai kawo hujja ba. Na rufe.