Muhawara: A Soke Darasin Rubutu na Ajin Farko a Jami'a?

Injiniya: Assalamu alaikum. Zan faɗi maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Darasin rubutu da sadarwa da ake tilasta wa kowane ɗalibi a shekarar farko, a soke shi kawai. Na daɗe ina duba kundin ɗaliban ajin ƙarshe. Dukansu sun ci wannan darasi, wasu ma da maki mai tsoka, amma ka ce yaro ya rubuta maka shafi biyu kan gwajin da ya yi da hannunsa, sai ka ga ikon Allah. Sakamakon da kake nema yana can sakin layi na ƙarshe, bayan dogon surutu. To me aka koya masa?

Malamar Harshe: Wa'alaikumussalam. Ranka ya daɗe, zango ɗaya tak ake ba mu. Ku kuma shekara huɗu ko biyar yana hannunku. A tsawon lokacin nan, sau nawa ka karɓi rubutunsa, ka gyara, ka mayar masa ya sake?

Injiniya: Malama, lissafin ƙarfe da kankare aka ɗauke ni in koyar, ba aya da waƙafi ba.

Malamar Harshe: Yauwa, ka faɗa da bakinka.

Tsohon Farfesa: Ku yi haƙuri in sa baki. Rigimar nan ta girmi kakanninmu. A 1874 Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara yi wa masu neman shiga jarrabawar rubutu, malamai suka ga takardun suka riƙe baki. Zuwa 1885 darasin rubutu ya zama dole a ajin farko, sauran jami'o'i suka kwaikwaya. Tun asali a matsayin faci aka kawo shi, don toshe abin da ake ganin makarantun ƙasa sun bari. Bayan shekara casa'in, a Disambar 1975, mujallar Newsweek ta sa wannan kuka a bangonta, wai yara ba su iya rubutu ba. Kowane zamani yana zaton a kansa abin ya lalace. Ni ma da nake saurayi haka malamaina suka ce da mu.

Injiniya: Allah ya gafarta malam, ai ka ƙara mini hujja. Maganin da aka sha fiye da shekara ɗari ciwo bai tafi ba, a canza shi mana.

Ɗalibar Likitanci: Malamai, a ba ni dama, tunda a kanmu ake magana. A ajin farko an koya mana buɗe rubutu da gabatarwa mai jan hankali, a yi ta shimfiɗa kafin a zo kan batu. Da muka shiga asibiti na rubuta bayanin mara lafiya a haka, likitan da ke duba mu ya soke rabin shafin da biro. Abin da yake so: me ya kawo shi, yaushe ya fara, me kika gani, me kike zato. Amma gaskiya a wancan darasin na fara sanin cewa kwafo maganar wani ba tare da ambatonsa ba sata ce, a nan kuma na koyi cewa sakin layi ɗaya magana ɗaya yake ɗauka. Babu wanda ya sake koya mini waɗannan.

Malamar Harshe: Allah ya yi miki albarka. Injiniya, ga misali daga gidanku. Bayan kumbon Columbia ya tarwatse a 2003, mutum bakwai suka mutu, kwamitin bincike ya soki yadda injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka saba cusa bayanai masu nauyi a allunan PowerPoint maimakon su rubuta cikakken rahoto. Manya na iya kallon allon ba su gane rai ne ke cikin haɗari ba. Wannan ba maganar aya da waƙafi ba ce.

Injiniya: A wace ƙasa abin ya faru? A ƙasar da ta ƙirƙiro darasin naku! Wanda zai nuna wa injiniya yadda ake sa haɗari a layin farko, da adadi, da abin da ba a tabbatar ba, sai wanda ya san aikin. Ke kin san wane adadi ne ya fi muhimmanci a rahoton gwajin ƙarfe?

Malamar Harshe: Ban sani ba, ban kuma taɓa cewa na sani ba. Amma na san jimlar da ta ɓoye wanda ya yi aiki, na san rubutun da marubucinsa bai tsayar da ra'ayi ba tukuna. Kai kana ganin rubutun ya lalace, ni ina iya nuna maka inda ya lalace.

Tsohon Farfesa: Abin da kuke ja a kai an gwada shi. A Birtaniya rahoton kwamitin Bullock na 1975 kan koyar da Turanci ya ce kowace makaranta ta yi tsarin harshe da zai ratsa dukkan darussa. A shekarun 1970 ɗin wasu kwalejojin Amurka suka fara tara malaman fannoni daban-daban suna koyon yadda ake sa ɗalibai rubutu. Jami'ar MIT ta Amurka kuwa tun 2001 ta ɗora wa kowane ɗalibin digirin farko darussa huɗu masu yawan rubutu da magana: biyu a ɓangaren adabi da zamantakewa, biyu a fanninsa. Ba su jefar da ɗaya don ɗaya ba. Sai dai inda na ga an ce "kowa ya koyar da rubutu" ba a ware ma'aikata da lokaci ba, abin yakan ƙare babu mai koyarwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai Ɗaukar Ma'aikata: Ni ba malami ba ne, takardun neman aiki nake karantawa. Tunda ChatGPT, manhajar da ke yi wa mutum rubutu, ya fito a ƙarshen 2022 takardu suka yi sumul, ba kuskure ko ɗaya, kuma duk kamarsu ɗaya. Sai ka zaunar da mutum ka ce ya bayyana maka abin da ya rubuta cikin minti biyu, nan za ka gane kayan aro ba ya rufe katara. Ko wa zai koyar, don Allah ku sa su tashi tsaye su yi bayani, a yi musu tambaya.

Injiniya: A nan kam ban da ja.

Malamar Harshe: To bari in yi muku lissafi, tunda shi Injiniya ke ji. A ce aji na da ɗalibi 300. In na ba takardar kowa minti 15, awa 75 ke nan, a aiki ɗaya, karatu ɗaya. Rubutu kuwa ba ya gyaruwa sai an mayar wa mai shi ya sake, wato awa 150. Shi ya sa ake komawa jarrabawar zaɓi-ɗaya, ɗalibi ya ci darasin rubutu bai rubuta shafi ɗaya ba. In ka soke darasina, awannin nan ba ɓacewa za su yi ba, teburinka za su dawo.

Injiniya: Awa 150? A'a. Ɗalibaina 80 ne, kuma da ƙyar nake gama duba lissafinsu.

Malamar Harshe: Awa 40 ke nan. Ka yi sa'a.

Injiniya: To mu gwada abu ɗaya zangon nan. Rahoton gwaji na farko, ki zo ajina mu duba tare.

Malamar Harshe: Zan zo, da sharaɗi biyu. Ingancin rubutun ya shiga cikin makin, in ba haka ba ba mai kula ni. Kuma rabin takardun naka ne.

Injiniya: Kashi ɗaya cikin uku.

Malamar Harshe: Rabi, ranka ya daɗe.

Ɗalibar Likitanci: Malama, in kin gama da su ki leƙo wajenmu.