Me za mu kira propolis da Hausa?

Mai Shirin Manoma: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan kiwon zuma, kuma kalmar propolis ta tsaya min a wuya. Abin nan ne mai yauƙi da ƙudan zuma ke kwasowa daga tohon bishiya da ɓawonta, su cuɗa da kaki su toshe kafofin amya.

Uwar Yara: Kakin zuma mana.

Baba Mai Amya: A'a 'yata, kaki daban. Da kaki suke gina saƙa, daga jikinsu yake fita. Wannan kuwa daga itace suke ɗebo shi. In da sanyi ya ƙage har ya karye, in rana ta yi zafi ya manne maka a yatsa, sai ka kankare da wuƙa. Mu danƙo muke ce masa.

Malamin Kimiyya: Ni ƙaro na fi so, Baba. Kusan rabinsa ƙaro ne, kaki kamar kashi 30 cikin 100. Kuma bishiyar wurin ce ke yanke ingancinsa: na Turai daga poplar, kore na Brazil daga Baccharis, ja kuma daga Dalbergia, sinadaransu ba ɗaya ba. Ko a amya guda, na damina ya sha bamban da na rani. Mun saba cewa ƙaron maje, ƙaron hano, kalmar ta riga ta saba bin sunan itace.

Ɗan Damagaram: Ganuwar amya! Asalin kalmar propolis Girkanci ce, tana nufin abin da ke gaban birni. Kullum sai mu ɗauko kalmar kasuwa, shi ya sa ake raina harshenmu.

Malamin Kimiyya: Wa zai shiga shago ya ce a auna masa ganuwa, Malam?

Ɗan Damagaram: Haka kuka saba, in ba daga Kano ta fito ba ba ku karɓa.

Uwar Yara: Kano kuma ta shigo daga ina?

Baba Mai Amya: Masu saurare manoma ne, ku ba su abin da za su gane.

Mai Shirin Manoma: Zan ce ƙaron amya, in ambaci danƙo a farko saboda Baba.

Ɗan Damagaram: To, gobe kawai. A rubutuna dai ganuwa zan sa.