Muhawara: shin tuƙin guga na ƙara wa kowane alminiyom ƙarfi?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Ni dai matsayata ita ce duk alminiyom ɗin da aka yi wa tuƙin guga sai ya ƙara ƙarfi. Ana yin tuƙin ne da wata sanda mai ɗan tsinke a baki, tana juyawa ta nutse cikin farantin alminiyom, zafin guga ya tausasa shi bai narke ba, ƙwayoyin cikinsa su koma ƙanana. Ƙananan ƙwayoyi kuwa ai ƙarfi ne.

Mai walda: Bai narke ba? To me aka yi ke nan?

Ɗalibi: Oga, alminiyom sai digiri 660 yake narkewa, wannan kuwa yawanci tsakanin 400 da 500 yake tsayawa. Daga waldar da cibiyar TWI ta Ingila ta ƙirƙiro a 1991 aka samo dabarar.

Malama: Ɗana, ka kama gaskiya ta gefe ɗaya. A kan alminiyom na zubi, irin A356, ba musu. Zubi kan fito da ƴan ramukan iska, ga silikon tsiri-tsiri, daga nan tsagewa ke farawa. Sandar na bi kamar muciya a tuwo, ta fasa gudaji ta toshe ramukan, ƙarfen ya rage gautsi, ya daɗe bai gaji ba. Amma jeka gwada alminiyom nau'in 6061 ko 7075 da aka riga aka gasa zuwa matakin T6, wato gashin da ke ƙara musu tauri. Ƙarfinsu daga wasu mitsi-mitsin ɗigon sinadarai yake, zafin tuƙin kuma narkar da su yake ko ya kumbura su. Ka auna tauri a gefen layin da sandar ta bi, sai ka ga ya faɗi.

Mai walda: Yawwa! Shi ya sa 6061 ke karyewa a gefen walda, ba a kanta ba. Kullum muna gani.

Ɗalibi: Amma Malama, 7075 ɗin nan fa aka tuƙa, ya miƙe fiye da ninki 10 a wajen digiri 490 bai tsinke ba.

Malama: Wannan miƙewa ce a cikin zafi, mai amfani wajen lanƙwasa siffa mai wuya. Ba ita ce ɗaukar nauyi a cikin sanyi ba. Kar ka haɗa su.

Ɗalibi: To a sake gasa shi bayan tuƙin mana.

Malama: Ana yi, taurin kan dawo sosai. Sai dai a wannan gashin wasu ƙwayoyin kan yi girman hauka, abin da ka wahala a kai ya zube.

Mai walda: Ni tambayata daban ce. Ramin da tsinken ke bari a ƙarshen layi, wa zai cike shi?