Tsofaffin gidaje masu maƙera da shago a jiki, muna da irinsu kuwa?

Ɗan Ƙofar Sauri:
Salam jama'a. Wani ya turo hotunan tsofaffin gidajen Jamus a group ɗinmu, na wani gari Quedlinburg, katako ne aka gicciya ya riƙe ginin duka sannan aka cike tsakani da ƙasa, shago a ƙasa mutane na kwana a sama, wai sun fi 1,000 har hukumar UNESCO ta sa garin a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1994. A ƙauyukansu ma har da maƙera manne da gida. Shin mu nan Katsina kakanninmu sun yi irin wannan ko sai dai ginin ƙasa zalla?

Jikan Maƙera:
Wslm. Haba ɗan'uwa, ai mu ma akwai itace a ginin namu, ɓoye shi ake. Su katako ke ɗauke da bango, mu tubali ke ɗaukar kanshi, azara kuma tana cikin rufi da baka, wato lanƙwasar nan da ke riƙe rufin. Daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai in ɗaki ya yi faɗi ba ta haye shi ita kaɗai, shi ya sa magina ke ɗaure ta ɗaya bisa ɗaya su lanƙwaso baka su lulluɓe da ƙasa, ɗaurin guga kenan da kake gani a soraye na masu hali.

Maƙera kuwa a ƙofar gidanmu take, rumfa ce jingine da zaure. Uwar maƙera, wato ƙarfen da ake dukan ƙira a kai, a kafe a ƙasa, yaro na zaune yana zuga, gawayin ƙirya ake so don shi ke riƙe wuta. Gab da damina ba ka samun wurin zama, manoma sun cika rumfar da fartanya da garma kowa na cewa tashi za a fara yi, Baba kuma bai ɗago kai ballantana ya tanka masu.

Yar Daurawa:
Malam Jikan Maƙera ka manta shago. A Daura da yawa bangon da ke kallon titi ake fasawa a sa ƙofa, ɗaki ya koma tireda. Ni dai abin da ke ban haushi, a yi ma ginin ƙasa filasta da siminti, bayan 'yan damina ya ɓamɓare ya taho da rabin bangon.

Jikan Maƙera:
Gaskiyarki Hajiya. Makuba ya kamata a sa, ta ɓawon ɗorawa, ko katsi na marina, a gyara indararo kafin ruwa ya sauka. Yanzu masu iya yaɓen ne suka yi ƙaranci.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Na gode kwarai. To Yaya har yanzu ana ƙira a gidan naku? Ina son in kawo yara su gani.

Jikan Maƙera:
Ana yi, amma ƙanena ya fi karkata ga walda. Ku zo da hantsi, bayan azahar an kashe wuta.