Inna za ta je zaman jego Ingila: wata nawa ya dace ta yi?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ƙanwata tana aure a Landan, kuma ana sa ran za ta haihu cikin watan Nuwamba, shi ya sa muka yanke shawarar Inna ta je ta yi mata zaman jego. Mijinta yana so a nemi bizar ziyara ta shekara 2, domin Inna ta zauna da su har jaririn ya yi ƙwari, ta dawo Sakkwato ta ɗan huta, sannan ta koma. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, saboda Inna tana fama da hawan jini, kuma ban da aikin Hajji ba ta taɓa fita ƙasar nan ba. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar.

Malami daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ta lafiya. Ka fahimtar da surukinku cewa ko bizar ta shekara 2 ce, ko 5, ko 10, ba a yarda mai ziyara ya wuce wata 6 a zuwa guda ba. Abin da mutanenmu suka fi tuntuɓe da shi shi ne tunanin cewa in ta cika wata 6 za ta iya dawowa gida ta yi mako biyu ta sake komawa. Dokarsu ta hana mai ziyara ya mayar da Ingila mazauninsa ta hanyar zuwa a kai a kai, kuma jami'in filin jirgi yana da ikon mayar da ita ko da bizar tana hannunta. Ku rubuta ainihin kwanakin da za ta yi, ta kuma dawo a kan lokaci, domin saɓanin haka yana jawo tambayoyi a nema na gaba. Ku haɗa da shaidar abin da zai dawo da ita, kamar takardar gida ko ta fansho. Ana iya cike takardun wata 3 kafin tafiya, sannan ta je Abuja ko Legas a ɗauki hoton yatsunta.

Maman 'yan biyu, Arkilla:
Ɗan'uwa, maganar lafiyarta ce ta fi tsaya mini a rai. Mahaifiyata ta je a irin wannan lokaci, ta tarar rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, ga sanyin da ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba. Matar da ta saba shimfiɗa tabarma a tsakar gida maƙwabta suna shigowa gaisuwa, sai ga ta tana wuni a bakin taga da carbi, babu mai sallama. Da aka yi arba'in ta fara tambayar ranar komawa.

Ku sayi inshorar lafiya kafin ta tashi, ku kuma bayyana wa kamfanin inshorar hawan jinin. A asibitocin gwamnatin Ingila, sashen gaggawa kyauta ne, amma in aka kwantar da baƙo ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinyar, kuma bashin asibiti da ya kai fam 500 yana iya hana ta biza nan gaba. Ta tafi da isasshen magani a cikin kwalinsa, tare da takardar likitanta da Turanci.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Na karanta wa Inna bayananku bayan sallar isha'i, ta ce wata 3 ya ishe ta. Gobe zan kai ta wurin likita, sannan in kira surukin namu.