Baƙin gam ya ƙi fita a daɓe, zan iya ɗora tayil a kansa?

Sabon Ango:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min. An ba ni ciki da falo a gidanmu na gado, falon ƙafa 12 ne da 14, tun muna yara akwai irin ƙananan tayil ɗin roban nan a ciki, wasu sun ɓalle wasu sun karkarye. Jiya na sa shebur na ɗaye kusan rabi sai ga wani baƙin gam a ƙasa kamar kwalta, wani wajen ya bushe ƙamas wani wajen kuma in rana ta take sai ya dinga kama min silifa. Ni dai da kaina nake son sa tayil ɗin don kuɗin aikin da aka yanka min wlh ya fi ƙarfina ga biki saura wata biyu. Wani abokina ya ce in zuba kananzir ya narke in goge da tsumma, wani ya ce in aro injin gurza in bi ta kai. Ko in rabu da shi kawai in zuba siminti a kai?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri. Kananzir dai kul. Zai narkar da gam ɗin kam, amma daɓe shan abu yake kamar tulu, sai ya shanye maiƙon, kuma siminti da mai ba sa ga maciji, ka gama ɓata ƙasan ke nan ga wari da zai yi watanni amarya tana shaƙa. Ka samu ƙarfen kankara mai faɗin baki ka ɗaura masa doguwar ƙota don bayanka, ka dinga zuba ruwan zafi da ɗan omo kana kankarewa kaɗan kaɗan, ba duka falon lokaci ɗaya ba. Da safe ya fi, kafin zafi ya sa shi danƙo. In ka gama ka wanke ya bushe sai ka yayyafa ruwa ka tsaya ka gani, inda daɓen ya sha ruwan ya yi duhu to nan zai kama, inda ruwan ya tsaya ƙwaya ƙwaya kamar a bayan agwagwa akwai sauran aiki, ka sassare wajen da cizal da guduma ya yi kaushi. Ka kuma bi daɓen da ƙwanƙwasa, duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga fasa shi za ka yi ka cike.

Injiniya daga Zariya:
Baba ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara kan injin gurzan nan. Malam auna tayil ɗin da ka ɗaye, in inci 9 ne kowane gefe ga kuma baƙin gam, to irin na da ne, kuma da yawansu da asbestos (wani ma'adini mai siraran zaruruwa) aka haɗa su, shi tayil ɗin da gam ɗin duka. Yana kwance ba ya komai, ƙurarsa ce matsalar, tana maƙalewa a huhu sai bayan shekara 20 ko 30 ciwon ya bayyana. Ingila tun 1999 ta haramta shi gaba ɗaya. Ido ba ya ganewa sai an gwada, don haka ɗauka kawai akwai. Kar ka gurza, kar ka share a bushe, komai a jiƙe har sassarar, ka sa takunkumi mai kyau ba na yadi ba, yara su yi nesa, tarkacen kuma a ƙulle a leda.

Maman Biyu:
Hmm mu ai mun gani. Kicin ɗinmu maigidan ya ce ba shi da lokacin kankara, ya shafa gam ɗin tayil a kan tsohon haka nan, ba a rufa shekara ba ina cikin girki na ji ƙaras, guda huɗu sun tashi sun yi tozo a tsakiya, da aka ɗaga bayansu baƙi ƙirin, tsohon gam ɗin ne ya biyo su. Sau biyu muka biya. Yi haƙuri ƙanina ka kankare.

Sabon Ango:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na auna inci 9 ne cif, gaskiya jikina ya yi sanyi don jiya har shara na yi. Baba to in ya ƙi fita duka fa?

Tsohon Magini:
To sai ka binne shi. Kwashe mai kaurin, ka zuba sabon daɓe na yashi da siminti kamar inci biyu a kai, ka dinga ba shi ruwa ko da sati ɗaya ne kafin ka fara. Amma auna ƙofofinka tukuna, inci biyu ga kaurin tayil, in ƙofar ƙarfe ce sai ka kira mai walda ya rage ta. Wane tayil ka saya ma, mai faɗin santimita 40 ne ko 60?