Sunan "sikanin" da Hausa: ni ina kan "hoton amo"

Assalamu alaikum. Shawarwari sun taru a kan sunan da za mu ba ultrasound da Hausa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da sauti a asibiti, kuma ya kamata mu tsayar da magana ɗaya. Ni dai "hoton amo" na zaɓa.

A bakin jama'a a Zariya, daga asibitin koyarwa na Shika har asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, "sikanin" za ka ji. "Likita ya rubuto sikanin." Aron kalma ba aibi ba ne, ai asibiti da likita ma aro ne. Damuwata ita ce sikanin ta kwashi abubuwa da yawa. Wanda za a tura cikin injin CT sikanin zai yi, mai MRI ma haka (su ma na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki ne), har ɗalibin da ya kai takardunsa shagon kwamfuta a Samaru. Marar lafiya ya riƙe takarda bai san me za a yi masa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mata masu juna biyu da ke haɗa shi da eksire, su ƙi zuwa don tsoron kada "hasken" ya taɓa jariri.

Akwai masu cewa "duban ɗan tayi", wanda ya yawaita a intanet. Wannan ya yi ƙunci ƙwarai. Dattijon da fitsari ke yi wa wuya, aka ce a duba masa ƙoda da mafitsara, za mu ce masa ya je duban ɗan tayi? Wallahi wani ba zai je ba.

Wata 'yar'uwa ungozoma ta kawo "hoton ciki", ta ce shi matan da ke zuwa awo suka saba da shi. Hajiya, kin fi ni sanin bakin mata a ɗakin awo, kuma a can ɗin ba zan ce ki daina ba. Sai dai da na'urar nan ake duba maƙoƙo a wuya, da ƙulli a nono, da zuciya, da jijiyoyin jini a ƙafa, da kan jariri sabon haihuwa ta maɗiga. Duk waɗannan ba ciki ba ne. Mu bar "hoton ciki" ya zama reshe, mu nemo wa uwar suna.

To, yaya abin yake aiki? Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa kusan sau 20,000 a daƙiƙa. Wanda ya haura haka ba ma jin sa, kuma na asibiti ya haura nesa, don yana kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa. Ɗan abin nan da ma'aikaci ke riƙewa yana gogawa a jiki shi ke aika sautin, shi ne kuma ke sauraren dawowarsa. Wanda ya taɓa ƙwala kira a gindin dutsen Kufena ya ji muryarsa ta dawo masa ya riga ya san tushen abin. Sauti yana tafiya a naman jiki da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, sai injin ya lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ya san zurfin abin da ya daka, ya zana.

Shi ya sa hoton yake fitowa yadda yake. Ruwa ba ya mayar da sauti, sai ya fito baƙi ƙirin. Tsakuwa a ƙoda ko a matsarmama tana mayar da shi da ƙarfi, sai ta fito fari fat, da inuwa a bayanta. Iska kuwa tare shi take yi, dalilin man nan mai sanyi da santsi da ake lafta wa mutum ke nan, don kada iska ta shiga tsakanin fata da na'ura. Matan da kake gani a kan benci suna ɗirkar ledar fiya wata ɗaya bayan ɗaya, an hana su zagayawa, ba mugunta ake yi musu ba: mafitsara in ta cika takan ture hanji gefe, sautin ya bi ta cikinta ya isa mahaifa. Mai zuwa duba matsarmama kuma akan ce ya zo bai ci komai ba.

Babu wani haske mai ratsa jiki a nan. Eksire daban ne, shi ne wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Shi kuwa ultrasound, likitan mata Ian Donald da abokan aikinsa ne suka fito da amfaninsa a Gilasgo, suka wallafa aikinsu a 1958. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi shi sau ɗaya kafin mako 24, don a san kwanakin cikin, a gane tagwaye ne ko ɗaya, a kuma hango matsala da wuri. Ina son sunan da in mace ta ji, za ta san sauti ne kawai.

Saura zaɓi tsakanin sauti, amsa-kuwwa da amo. Wani malaminmu na Hausa ya ce amsa-kuwwa ce ta fi dacewa da ma'ana. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma yau in ka ce amsa-kuwwa lasifikar masallaci ke zuwa wa mutum a rai, ga kuma tsawo. "Hoton sauti" kuma matasa za su ɗauka bidiyo ake nufi. Amo shi ne abin da ke tashi in sauti ya daki abu, gajere ne, kuma yana zama a jimla ba tare da tuntuɓe ba. "An yi mata hoton amo, tagwaye ne." "Je ka a yi maka hoton amon ƙoda." Mai aikin kuma "mai hoton amo".

In mun amince da wannan, sauran ma sun samu hanya. MRI ya zama hoton maganaɗisu, tunda da shi yake aiki. CT, da ke ɗaukar jiki sala-sala da hasken eksire, ina ganin "hoton sala-sala", amma shi a buɗe yake, a kawo wanda ya fi. Eksire a bar shi yadda yake, ya riga ya zauna.

Roƙona ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu: ku gwada "hoton amo" a kan marasa lafiya na mako biyu, musamman tsofaffi da matan da ke zuwa daga ƙauyukan Giwa da Soba, ku dawo mana da yadda suka karɓe shi. Masu duba zuciya kuma ku faɗa mana ko "hoton amon zuciya" zai iya maye gurbin "eko" da kuke rubutawa.